Orca ta yi magana, an gwada ke nan?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a nan Tawa, ina kuma taimaka wa wata ƴar ƙungiyar masu larurar gani, ciki har da ƙanena. An ba mu kyautar tsofaffin kwamfutoci shida masu Windows 10, an ce ba za su ɗauki 11 ba. Wani yaro mai gyara ya ce a sa musu Linux, wai kyauta ne, kuma yana da manhajar da ke karanta wa makaho allo. Ya zo da sabon fitowar Linux a kile na USB, ya kunna, muka ji murya ta yi magana da Faransanci, ya ce shi ke nan, an gwada. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ƙanena da NVDA, manhajar karanta allo ta Windows, ya saba. Yaya ake gwada abin nan tsakani da Allah kafin a goge komai?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri kan wannan hidima. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Yaron bai yi ƙarya ba, Linux yana da manhajar karanta allo, sunanta Orca, kuma ita kuka ji. Sai dai abin da ya nuna muku shi ne lasifika na aiki kuma Orca ta tashi. Abin da kike tambaya ya wuce nan: ko ƙanenki zai iya zama gaban na'urar tun daga danna maɓallin wuta har ya rubuta takarda ya ajiye ya kashe, ba tare da ya ari idon kowa ba. Wannan ake gwadawa. Ana cewa gani ya kori ji, to a wannan aiki ji ne ke korar gani, kuma abin da mai gwaji yake farauta shi ne wuraren da na'urar ke yin shiru.

Kafin mu shiga, kada gaggawa ta kama ku. Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ranar 14 ga Oktoban 2025, amma kwamfutar ba ta mutu ranar ba. Tana tashi, NVDA na magana. Haɗarin yana wajen shiga intanet ne da ita, kuma yana ƙaruwa a hankali. Kuna da lokacin yin gwaji a tsanake.

Orca sanƙira ce

Mutane da yawa sun ɗauka manhajar tana kallon allo ne kamar yadda ido ke kallo. Ba ta ganin komai. Ki ɗauke ta kamar sanƙira a wurin ɗaurin aure: abin da aka raɗa masa shi yake ɗagawa da murya, wanda ba a faɗa masa ba kuwa jama'a ba za su ji ba. Kowace manhaja, ko Firefox ce ko LibreOffice, ita ke da alhakin bayyana kanta: nan maɓalli ne, sunansa "Ajiye", nan gurbin rubutu ne, nan akwati ne an sa masa alama. Wannan bayani yana bi ta wata hanya mai suna AT-SPI ya isa ga Orca. Orca ta tsara abin da za a faɗa, ta miƙa wa Speech Dispatcher, shi kuma ya bai wa injin murya, wanda galibi eSpeak NG ne, mai muryar nan kamar ta ƙarfe. Daga nan sautin ya bi ta tsarin sauti, a sababbin fitowa PipeWire, ya fito a lasifika. Hannu shida ke nan saƙo ke bi. Ɗaya ya saki, abin da makaho zai ji iri ɗaya ne: shiru.

Dalilin da ya sa kowane sabon fitowa ke buƙatar gwajinsa shi ne waɗannan hannuwa ba gida ɗaya suke ba. Windows kamfani ɗaya ke yin sa, NVDA kuma, wadda Michael Curran da James Teh suka fara a Ostareliya a 2006, tsari ɗaya take bi. Linux kuwa taron dangi ne. Orca ta samo asali a kamfanin Sun Microsystems, ta shiga GNOME, ɗaya daga cikin teburan aikin Linux (fuskar da ake buɗe manhajoji a kanta), a 2006, kuma shekaru da yawa Joanmarie Diggs ce ke riƙe da ita. Masu sauti daban, masu manhajar girkawa daban, kowa da jadawalinsa. Debian ko Ubuntu ko Fedora su ne ke tattara kayan su ɗaure su dami ɗaya. Ubuntu na fitowa a Afrilu da Oktoba, mai dogon tallafi kuma duk shekara biyu a Afrilu, kamar 24.04. Fedora kusan duk wata shida. Debian kusan duk shekara biyu: 12 a Yunin 2023, 13 a Agustan 2025. A kowane dami akwai abin da aka sauya, kuma mai sauyawar yawanci da idonsa ya duba ya ga ya yi kyau.

Babban misali shi ne ƙaura daga X11 zuwa Wayland, wato tsarin da ke zana abin da ke kan allo. A tsohon tsari kowace manhaja na iya sauraron duk abin da aka danna a madannai. Ta fuskar tsaro wannan ɓaraka ce, amma da ita Orca ke jin umarninta. Wayland ya toshe ɓarakar, sai Orca ta jima tana fama da wasu maɓallanta, har GNOME 48 na Maris 2025 ya buɗe mata ƙofa ta musamman. Don haka in wani ya ce miki "na gwada Linux da Orca, ba ya aiki", ko "yana aiki sumul", ki tambaye shi wane fitowa, wane teburin aiki, wace shekara.

A kashe allo, a zare linzami

Ƙa'idar farko da nake bi a shagona a nan Yamai: linzami a aljihu, allo a kashe. In kwamfutar tebur ce sai a danna maɓallin allon ya mutu. In ta hannu ce, a jingina kwali a gabansa. Ba wasa ba ne. Mai ido ba ya iya hana kansa satar kallo, kuma kallo ɗaya ya isa ya tsallakar da shi ramin da makaho zai faɗa. A kuma yi gwajin a kan ɗaya daga cikin kwamfutocin shida ɗin kansu, kada a yi a ta yaron, don katin sauti da madannai sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura.

Ana farawa daga kile. Tun nan akwai shirun da ba laifin Linux ba ne: jerin zaɓin da na'ura ke nunawa kafin komai ya tashi ba ya magana a kusan kowace kwamfuta. Abin yi shi ne a gano maɓallin, F12 ne ko F9 ko Esc, a ƙirga sau nawa ake danna kibiya, a haddace. Bayan nan hanya ta rabu. Debian na da tsohuwar dabara da nake girmamawa: da jerin farko ya bayyana sai a danna harafin s, a bi da Enter, girkawar gaba ɗaya ta koma tambaya da amsa da murya, kana zaɓa da lamba. In na'urar na da katin sauti fiye da ɗaya, za ta yi magana ta kowanne ta ce ka danna Enter a wanda ka ji. Wanda aka girka ta wannan hanya yana tashi da magana tun ranar farko. Wani abin sa'a, s wuri ɗaya yake a madannan AZERTY namu da QWERTY na Ingilishi, don a wannan mataki na'urar ba ta san wane ne a gabanta ba. A fitowar da ke tashi kai tsaye zuwa tebur, irin Ubuntu da Fedora, ana jira sai ta gama tashi a danna Super da Alt da S tare. Super shi ne maɓallin da ke da tambarin Windows. Nan ma ki lura: ta yaya makaho zai san ta gama tashi? Akwai sautin da ke sanarwa, ko sai dai a yi ta dannawa ana sa rai? A rubuta.

Bari in ba ki abin da ya faru a gabana. Akwai wani dattijo makaho da muke aiki tare, tsohon ma'aikaci, mai saurin hannu a madannai fiye da ni. Na ba shi wani fitowa na gwaji, ba zan kama suna ba tun da an gyara. Harshe ya zaɓu, madannai sun zaɓu, agogo ya koma Yamai, duk Orca na bayani tiryan-tiryan. Da aka iso shafin faifai, inda ake tambaya a goge komai ko a girka gefen Windows, sai ya danna Tab, murya ta ce "bouton". Ya sake, "bouton". Ya sake, "bouton". Maɓallai uku ba suna. Ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya ya ce, "Ɗana, ɗayan ukun nan shi ne wuƙa. Wanne ne?" Ni da na ɗaga kwalin na ga rubutu ƙato a jikin kowanne, har da jan gargaɗi. Mai zanen ya rubuta wa ido, bai raɗa wa sanƙira ba. Shafi goma sun yi magana, ɗaya ya yi shiru, kuma a wurina wannan girkawa ta faɗi gaba ɗaya, domin shafin da ya yi shirun shi ne wanda kuskure a cikinsa ba ya gyaruwa.

Bayan girkawa a zare kile a sake tayarwa. Shafin shiga, inda ake rubuta kalmar sirri, wuri ne da ake yawan faɗuwa, saboda a lokacin ba a shiga asusun kowa ba, saitin murya da na sauti na wani ɓangare ne daban. Sau da yawa Orca na aiki lafiya a ciki amma ƙofar shiga bebiya ce. In an zaɓi kulle faifai da kalmar sirri tun wajen tashi, wannan tambayar takan zo kafin sauti ya farka. Ga ƙungiya irin taku ban ba da shawarar kulle faifai ba sai da dalili mai ƙarfi. A kuma kula da lambobi cikin kalmar sirri, tun da a AZERTY sai an haɗa da Shift, kuma murya ba ta faɗin abin da aka rubuta a gurbin sirri.

Sauran gwajin aikin yau da kullum ne, kuma ƙanenki ya fi ni sanin jerinsa. Ya buɗe LibreOffice Writer ya rubuta wasiƙa, ya koma ya gyara kalma a tsakiya, ya ajiye da suna, ya rufe, ya nemo ta. Ya haɗa na'urar da intanet ɗin wayarsa. Ya buɗe Firefox: zai ji daɗi nan, don H na tsallakawa kan take, K kan mahaɗi, B kan maɓalli, kamar a NVDA. Ya sa kile ya kwafi fayil ya cire lafiya. Ya soka abin kunne ya zare, a ji ko murya ta biyo shi ta dawo. Ya rufe murfin na'urar ya buɗe. Sai wanda mutanen Turai ba sa tunawa da shi amma mu dole: a zare waya daga bango kamar an ɗauke wuta. Ta hannu, tana sanar da cewa batir ya kusa ƙarewa da murya? Ta tebur, in ta mutu ba shiri ta dawo, tana tashi da magana ko tana tsayawa kan wata tambayar da ba a ji? A ƙarshe a sabunta manhajoji a sake tayarwa, don na sha ganin na'ura ta yi sati tana magana, sabuntawa ɗaya ta ɗauke mata harshe.

Maganar maɓallin Orca kuma. Da farko tana zuwa da tsarin kwamfutar tebur, inda Insert ne maɓallinta kuma tana dogara da madannan lambobi na gefen dama. Ƙananan na hannu ba su da su. A danna maɓallin Orca da Space, saitinta ya buɗe, a koma tsarin ta hannu, Caps Lock ya zama maɓallin. An tsara umarnin ne a kan QWERTY, wasu alamomin kuma a AZERTY wani wuri suke, don haka a bi su ɗaya-ɗaya. Maɓallin Orca da H na shigar da mutum yanayin koyo, inda duk abin da ka danna za ta faɗi aikinsa ba tare da ta aikata ba.

In an ji shiru, wa ya saki?

Wannan ɓangaren na yaron ne, ki nuna masa. A bi sarƙar daga ƙarshe. A kunna waƙa ko karatu: in ba sauti, matsalar ta sauti ce, wataƙila ma an rage shi ne ƙasa ko yana fita ta HDMI. In akwai, a buɗe tagar umarni a rubuta espeak-ng "sannu". Ya yi magana? Sai spd-say "sannu", wanda ke gwada Speech Dispatcher. Shi ma ya yi? To a sake tayar da Orca da orca --replace. In Orca na magana ko'ina ban da cikin manhaja ɗaya, laifin na manhajar ne. Akwai wani kayan aiki, Accerciser, da ke nuna wa mai ido ainihin abin da manhaja ke faɗa wa AT-SPI. Da shi na tabbatar maɓallan dattijon nan gurbin sunansu fanko ne.

Akwai kuma matsalar da ba shiru ba ce, ɓata ce. Taga ta buɗe tana tambaya, amma madannai na can baya a tsohuwar taga, makaho na ta danna Tab yana yawo a ɗakin da aka riga aka bari. Ko a shiga wani gurbi Tab ya ƙi fita. Ko akasin haka, surutu: sandar ci gaba tana karanta kowane kashi har ba a jin komai. Duk waɗannan faɗuwa ne, a rubuta su.

Hausa a bakin Bafaranshe

Muryar da kuka ji ta Faransanci ce, kuma da ƙa'idar Faransanci za ta karanta duk abin da aka ba ta. Ki sa ƙanenki ya rubuta "ciki", zai ji wani abu kamar "siki". H na farkon kalma za ta haɗiye shi, u kuma ta murɗe shi irin nasu. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ne suka fi wahala: muryar da ba ta san su ba takan tsallake, ko ta tsaya tsakiyar kalma tana karanto lambar harafin. "Ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne, kuma mai rubutu yana bukatar ya ji bambancin. A gwada jimla mai ɗauke da duka huɗun, a karanta ta kalma-kalma, sannan harafi-harafi. Dabarata biyu ce. Na farko, ga rubutun Hausa nakan sauya zuwa muryar Swahili ta eSpeak NG, don wasulanta biyar sun yi kusa da namu kuma tana karanta abu yadda aka rubuta shi. Ba Hausa ba ce, ba karin sauti, ba tsawon wasali, amma kunne na sabawa. Na biyu, a saitin Orca akwai shafin furuci inda ake cewa in kin ga kalma kaza ki faɗe ta kaza. Sunayen ƴan ƙungiya da na unguwanni nake fara sawa.

Rahoto

Abin da kuka samu kada ya tsaya a Tawa. Debian na karɓar rahoto ta reportbug, Ubuntu ta Launchpad, Fedora ta Bugzilla, Orca da GNOME ta GitLab nasu. "Orca ba ta aiki" ba rahoto ba ne, ba wanda zai iya yin komai da shi. Mai amfani shi ne: fitowa kaza, tebur kaza, Wayland ko X11, lambar da orca --version ta bayar, na danna kaza da kaza, na sa ran in ji kaza, sai na ji kaza. Da Ingilishi ake rubutawa, ko da gurgu ne ana karɓa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: rahoton da ya fi tasiri shi ne na fitowar gwaji, makonni kafin ranar fitowa, lokacin da hannun masu aikin ke kan abin. Na san giga na da tsada, fayil ɗin girka Ubuntu 24.04 kaɗai ya kusa giga 6. Mutum ɗaya ya sauke, kile ya zaga.

Iyakata a nan ita ce ni mai ido ne. Ko na rufe allo, taswirar shafin na cikin kaina, na san inda maɓalli ya kamata ya kasance. Ina kuma sauraron murya a saurin hira, alhali wanda ya saba yana sa ta gudu har ni ba na tsintar kalma, kuma a wannan saurin ne jinkirin rabin daƙiƙa ke zama azaba. Allon rubutun Braille, wanda BRLTTY ke tuƙawa, sau ƙalilan ya ratsa hannuna, don haka in akwai mai shi a cikinku gwajinsa daban ne. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙanenki ne zai zauna a kujera, yaron ya zauna gefe da takarda da biro, hannunsa a aljihu, bakinsa a rufe sai an tambaye shi. Wannan na ƙarshen ya fi komai wuya ga masu gyara, ni ma har yau dattijon na tsawata mini.

In ra'ayina kike so, ga tsofaffin na'urori zan fara da Debian 13 da teburin MATE. Ba shi da nauyi, jerin manhajojinsa na buɗewa da Alt da F1 a bi da kibiya, abin da hannun da ya saba da Windows ke ganewa da wuri, kuma Debian ba ya sauya kaya kowane wata shida. Ba zan ɓoye miki ba, wanda ya fito daga NVDA zai ji Orca ta ɗan fi tauri a makon farko, musamman a manyan takardu da wasu shafukan intanet. A goge kwamfuta ɗaya tak. A bar ta mako biyu a hannun mutum biyu ko uku, ciki har da wanda bai taɓa amfani da NVDA ba, don shi ba ya kwatantawa da komai. Ko sakamakon ya yi kyau, ki bar ɗaya da Windows da NVDA, a cire ta daga intanet, saboda ranar da wata takarda za ta ƙi karantuwa. Takardar da yaron ya cika kuma ki ɗauki hotonta ki turo mini, da sunan samfurin kwamfutocin, in taya ku juya ta zuwa rahoto.